Masu Riƙe da Kundin Sunaye

Ma'aikaciyar banki da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Yola za ta iya isa sabon ofis ranar Litinin, ta zauna gaban kwamfutar da ba ta taɓa gani ba, ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta, kwamfutar ta karɓe ta kamar sun shekara tare. Wasiƙunta na nan, fayilolin sashenta na nan, na'urar buga takarda da ke bayan kujerarta ta amsa mata, amma bayanan albashin ma'aikata a rufe suke gare ta yau kamar yadda suke a rufe jiya. Kwamfutar ba ta san ta ba. Tambaya ta aika, amsa ta dawo mata kafin ƙiftawar ido daga wani kundi guda wanda ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci, da kowace kwamfuta, da kowane rukuni, da abin da aka yarje wa kowa ya taɓa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, gina wannan kundi da kula da shi, kuma a ganina suna cikin gwanayen da aka fi raina wa ƙoƙari a manyan ma'aikatu.

Kafin a zo nan an sha wuya. A da kowace uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da nata jerin sunayen. Ma'aikatar da ke da uwar garke goma sai ta buɗe wa mutum ɗaya suna sau goma, shi kuma ya haddace kalmar sirri goma, ko ya rubuta su a 'yar takarda ya cusa a aljihun tebur. Ranar da ya bar aiki sai an bi wuri goma ana gogewa, kuma da wuya a tuna da duka. A 1988 hukumar da ke tsara ƙa'idojin sadarwa ta duniya ta fitar da wani tsari mai suna X.500, na kundin adireshi mai rassa, daga ƙasa zuwa ma'aikata zuwa sashe zuwa mutum. Tsarin ya yi kyau a takarda, amma ya yi wa kwamfutocin ofis na lokacin nauyi. Sai Tim Howes na Jami'ar Michigan da ke Amurka da abokan aikinsa suka fito da hanya mai sauƙi ta yi wa irin wannan kundi tambaya, wato LDAP, wadda aka wallafa ƙa'idarta a 1993. A shekarar ce kuma kamfanin Novell ya fitar da nasa kundin cikin NetWare 4. Microsoft ya iso a makare da Active Directory cikin Windows 2000, amma shi ya cinye kasuwar. Akwai OpenLDAP, akwai FreeIPA, akwai Samba, duk ana aiki da su, sai dai idan ka shiga babban banki ko kamfanin sadarwa ka tambayi abin da ke tantance ma'aikata da safe, galibi Active Directory za a ce maka.

Girka shi ba wani abu ba ne. Yaron da ya yi kwas na 'yan makonni zai iya ɗora manhajar kafin shayinsa ya huce. Gwanintar tana farawa ne daga fahimtar abin da ke gudana a ƙarƙashi, kuma babu inda ya fi dacewa a fara kamar wajen shiga.

Tantancewar tana bin wani tsari da ake kira Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT cikin shekarun 1980. Hikimarsa ita ce kalmar sirri ba ta bin waya. Idan ma'aikaci ya rubuta ta, kwamfutarsa takan sarrafa ta ta zama mabuɗi, ta kulle lokacin da agogonta ke nunawa da wannan mabuɗin, ta aika wa uwar garken da ke riƙe da kundin. Ita kuma tana da irin mabuɗin a wurinta. In ta buɗe saƙon ta ga lokacin ya yi daidai da nata, ta tabbata mai magana ya san sirrin, sai ta ba shi tikiti wanda a bisa al'ada yake aiki na awa 10. Duk ƙofar da ya nufa bayan haka, ko wasiƙu ko fayiloli, da wannan tikitin zai karɓi wani ƙaramin tikiti na ƙofar, ba tare da an sake tambayarsa komai ba. An sa lokaci cikin lissafin ne don kada ɓarawo ya naɗi saƙon yau ya sake aika shi gobe. Shi ya sa tsarin ba ya yarda agogon kwamfuta ya saɓa wa na uwar garke da fiye da minti 5.

A nan ake gane wanda ya iya. Ma'aikaci ya leƙo ofishin masu kula da kwamfuta ya ce, "Injiniya, don Allah zo ka duba min, kalmar sirrina ta ƙi shiga, kuma wallahi ban canza ta ba." Sabon hannu nan take zai sauya masa kalmar, abin ya sake ƙi, ya sake sauyawa, a ɓata rabin yini. Tsohon hannu kafin ya taɓa komai zai kai ido kusurwar allo inda agogo yake. Sau da yawa sai ya tarar ɗan batirin da ke cikin kwamfutar, mai faɗin kwabo, ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya. Wani kuma kukansa kullum da safe ana kulle masa suna, alhali bai yi kuskuren shiga ko sau ɗaya ba. Gwani ba ya musu da shi. Zai buɗe rajistar abubuwan da suka faru a uwar garke ya bi sawun inda kuskuren ke fitowa, sai a gano tsohuwar wayar da ya bar wa yara a gida ce, har yanzu tana ƙoƙarin ɗauko wasiƙun ofis da kalmar sirrin bara. Akwai ta uku, wadda ta fi ruɗa mutane: kwamfuta tana shiga intanet lafiya lau, amma ta kasa ganin kundin ma'aikata. Dalili shi ne kwamfuta ba a haife ta da sanin inda uwar garken kundi take ba, sai ta tambayi tsarin DNS na cikin gida. Idan wani mai karambani ya sauya mata shi da na Google, wato 8.8.8.8, don wai ya fi sauri, to za ta san hanyar duniya duka ban da ta gidansu.

Wannan duk gyara ne na yau da kullum. Aikin da ya fi nauyi ana yin sa ne tun kafin a buɗe wa kowa suna, lokacin da ake zana fasalin kundin. Ana kasa shi sashe-sashe, kowane sashe da 'yan ƙananan sassa a cikinsa, a ba kowane mai kula iko gwargwadon yankinsa. Wanda ya san tsarin masarauta ba zai sha wahalar ganewa ba: mai unguwa yana sasanta rigimar unguwarsa ba sai an je fada ba, amma ba shi da ta cewa a unguwar maƙwabta, kuma ba shi ke naɗa hakimi ba. Haka jami'in kwamfuta na reshen Yola zai iya sauya wa ma'aikatan Yola kalmar sirri, ya shigar da sabuwar kwamfuta, amma hannunsa ba ya kaiwa Kano, balle ya ɗaga wani ya zama babban mai iko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi jadawalin muƙamai da ke rataye a ofishin shugaba a mayar da shi fasalin kundi. Jadawalin nan sabon shugaba na zuwa zai sauya shi, a haɗe sashe biyu, a raba ɗaya gida uku, a sake wa wani suna. Gwani tambaya biyu yake yi wa kowane sashe kafin ya ƙirƙire shi: wa zai kula da shi, kuma waɗanne dokoki ne za su hau kansa da ba su hau kan saura ba? In babu amsa, babu sashen.

Dokokin nan su ne abin da Microsoft ke kira Group Policy. Daga kujera ɗaya ana iya cewa duk kwamfutar ma'aikata ta kulle kanta in an bar ta minti kaɗan, ko a hana cusa filashi a sashen kuɗi, ko a tura wata manhaja ga dubban na'urori. Kowace kwamfuta takan waiwayi uwar garke bayan kimanin minti 90 ta ga ko akwai sabon umarni, kuma an sa ɗan bambanci na har minti 30 tsakaninsu don kada duka su yi cincirindo lokaci guda. Ma'anar haka ita ce kuskure ɗaya zai iya zagaye ma'aikata kaf cikin awa biyu. Don haka duk wanda ya san ciwon kansa yana da wani ƙaramin sashe na gwaji, 'yan kwamfutoci kaɗan da masu haƙuri, a nan sabuwar doka ke kwana kafin ta fita. Kuma ba ya sakin doka ranar Juma'a da yamma. Akwai ma sauye-sauyen da ba su da gyara. Idan aka ƙara wa kundin sabon nau'in bayani a ginshiƙinsa, ana iya dakatar da shi daga baya amma ba a iya goge shi. Shi ya sa idan mai sayar da manhaja ya zo da fara'a ya ce ai ɗan ƙari kawai za a yi, sai ka ga fuskar mai kula da kundi ta sauya.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar, duk da haka, ba na na'ura ba ne. Kundin yana da amfani ne muddin abin da ke cikinsa gaskiya ne, mutane kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Ɗauki ma'aikacin da ya fara a kan kanta yana biyan kuɗi, aka mayar da shi sashen bashi, daga nan aka kai shi sashen binciken kuɗi. Kowane canji an ƙara masa izinin sabon wuri, domin in ba a ƙara ba zai yi ta kira. Amma ba wanda ya taɓa kira ya ce a cire masa na tsohon wuri. Bayan shekara takwas sai a wayi gari mutum ɗaya yana iya shigar da biya, ya amince da shi, ya kuma bincika kansa. Wataƙila mutumin kirki ne, bai ma san yana da wannan iko ba. Amma ranar da aka sace kalmar sirrinsa, ɓarawon ya gaji komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin wannan tsagewar a hankali take faruwa, ta hanyar alfarma da mantuwa.

Maganin da gwanaye suka yarda da shi mai sauƙin faɗa ne: ba a ba mutum izini da sunansa, ana ba rukuni ne, shi kuma a saka shi cikin rukunin. Ya bar sashe, a cire shi, duk izinin ya zube lokaci guda. Ɗan bautar ƙasa da aka turo na shekara ɗaya, ko ɗan kwangila na wata uku, tun ranar da aka buɗe masa suna ake rubuta ranar da sunan zai daina aiki, don kada a dogara da tunawar wani. Wanda ya bar aiki kuma ba a gaggawar goge shi, ana dakatar da sunan ne tukuna. Dalili shi ne kundin ba da harufan suna yake gane mutum ba, da wata doguwar lamba ce da ba a maimaita ta. Ka goge suna ka sake buɗe wani da harufa iri ɗaya, a wurin kundin baƙo ne, duk fayilolin da na farko ke iya buɗewa sun rufe masa. Aiwatar da wannan kuwa yana bukatar zama da ofishin kula da ma'aikata a kai a kai, da bin shugabannin sassa da takarda ana tambayarsu ko wane har yanzu yana bukatar kaza. Yana kuma bukatar ƙarfin halin da za a dubi babban darakta a ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ikon ba zai yi maka amfani ba, sai dai ya jawo maka," a faɗa ta yadda ba zai ji an raina shi ba. Ba a koyar da wannan a kwas.

Sannan ga batun nisa. Babbar ma'aikata ba ta dogara da uwar garken kundi guda. Tana da su da yawa a garuruwa daban-daban, kowace tana karɓar sauyi tana isar wa 'yan uwanta. A cikin gini ɗaya labari kan isa cikin daƙiƙoƙi. Tsakanin garuruwa kuwa Active Directory ya zo da tazarar minti 180, ana iya rage ta zuwa 15, kuma mai kula ne zai auna ƙarfin layin kowane reshe ya yanke. An yi wa kalmar sirri gata na musamman: da zarar an sauya ta ake garzayawa da labarin ga wata uwar garke guda da aka ɗora wa wannan nauyi, kuma duk wadda ta ga kalmar da ba ta gane ba sai ta tuntuɓe ta kafin ta ce a'a. Ga reshen da ke wurin da ba a amince da tsaronsa ba, tun daga Windows Server 2008 akwai uwar garke mai karatu kawai, wadda ba ta iya sauya komai a kundin, kuma ba ta ajiye sirrin kowa sai na waɗanda aka yarje mata. Ko an ɗauke ta a kai an gudu, ɓarnar ba za ta wuce reshen ba.

Gogewa ma da dabararta. Idan aka goge suna, ba ya ɓacewa nan take. Ana barin alama cewa wane ya tafi, alamar ta zagaya ko'ina, a ajiye ta na kwana 180 a tsarin da aka saba. To a ce wani reshe ya rufe wata bakwai, uwar garkensa na kashe, sannan aka dawo aka kunna. Ita a saninta duk waɗanda aka sallama a tsakani suna nan daram, alamun tafiyarsu kuma sun riga sun shuɗe, ba mai gaya mata. Tsarin kan ƙi yin musayar bayani da ita, kuma akwai hanyar tilasta masa. Mai gaggawa zai tilasta, ya dawo da matattun sunaye cikin kundi. Gwani sauke ta yake yi ya sake gina ta daga tushe, ko da manajan reshe na tsaye a kansa yana duba agogo.

Duk wannan iko a hannun mutum kaɗan yake, kuma su ne farkon waɗanda masu kutse ke farauta. Akwai wata manhaja mai suna Mimikatz, wadda Bafaranshe Benjamin Delpy ya rubuta don nuna raunin Windows, tana iya tsamo sirrin duk wanda ya shiga wata kwamfuta daga ƙwaƙwalwarta. Idan babban mai kula da kundi ya zauna a kwamfutar sakatare ya shiga da sunansa mai iko don ya gyara na'urar buga takarda, ya bar mabuɗin ma'aikata gaba ɗaya a teburin. Don haka ƙwararru ke ɗaure kansu da dokokin da suka fi na kowa tsanani. Suna da suna biyu ko uku: ɗaya na karanta wasiƙu kamar kowa, ɗaya na gyaran kwamfutoci, ɗaya na taɓa kundi, wanda ba a shiga da shi sai daga wata kwamfuta ta musamman da ba ta yawo a intanet. Abin da gajiya. Mutum ne ke da ikon sauƙaƙa wa kansa, ba mai ganinsa, amma ya ƙi.

Abin da ke faruwa idan kundin ya rushe, kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya gani a ranar 27 ga Yuni, 2017. Wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta bazu ta cikin M.E.Doc, manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukren, ta shiga kamfanin ta ofishinsa na can. Tana satar sirrin shiga tana tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura tana lalatawa, har ta tsayar da ayyukan kamfanin a tashoshin jiragen ruwa da dama. Amurka da Birtaniya daga baya sun ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha. Bisa ruwayar mujallar Wired ta 2018, kamfanin yana da uwar garken kundi kusan 150 a faɗin duniya, kowace madadin 'yar uwarta ce, ba a yi tanadin ranar da duka za su mutu tare ba. Aka samu ajiyar kusan komai ban da kundin, kuma in babu shi babu abin da zai tashi. Ana ta kiran ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, sai aka dace da guda a Ghana: an ɗauke wuta kafin harin, uwar garken ta kasance a kashe, cutar ba ta same ta ba. Layin intanet na ofishin ya yi rauni da ɗaukar bayanan cikin lokaci, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar Ingila, inda ake jiran bayanan. Sai wani ya ɗauko faifan ya hau jirgi zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron Davos na 2018 cewa sun sake girka uwar garke 4,000 da kwamfuta 45,000 da manhaja 2,500 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Ana yawan ba da labarin nan a matsayin abin dariya, wai rashin wuta ya yi rana. Masu sana'ar ba sa dariya sosai, domin sun ga abin da ya nuna: kwafi ɗari da hamsin da ke magana da juna ba ajiya ba ce, tunda abin da ya kashe ɗaya zai bi layi ya kashe saura. Ajiya ita ce wadda aka cire daga layi aka kulle. Yau ma'aikatu da yawa sun haɗa kundinsu na gida da na Microsoft da ke intanet, wanda aka sauya wa suna daga Azure Active Directory zuwa Entra ID a 2023, an kuma ƙara tantancewa ta waya a kan kalmar sirri. Wannan ya toshe wasu ƙofofi, ya kuma ƙara wa mai kula wani kundin da zai riƙa daidaitawa da na farko.

Inda aka ɗauki abin da gaske, ana ware lokaci a yi atisaye. A ɗauko ajiyar a kai ta wani ɗaki da ba shi da haɗi da sauran ma'aikata, a tayar da uwar garke guda daga cikinta, a share sunayen sauran daga kundin don kada ta yi ta jiran waɗanda ba za su amsa ba, a ɗora mata nauye-nauyen da suke ɗauke da su. Sannan a sauya sirrin wani suna na musamman, krbtgt, wanda da mabuɗinsa ake hatimce duk tikitin Kerberos, kuma wanda duk ya sace shi zai iya buga wa kansa tikitin shiga ko'ina. Sau biyu ake sauya shi, domin kundin yana tuna na baya guda ɗaya. A auna awa nawa aikin ya ci, a rubuta inda aka yi tuntuɓe. Matakan kuma a buga su a takarda a saka a sef tare da kalmomin sirrin gaggawa, saboda kwafin da ke cikin kwamfuta yana kan uwar garken fayiloli ne, ita kuwa ba za ta buɗe wa kowa ba sai ta tambayi kundin.